Hazon Gida Ya Tare Ni a Tsakiyar Teku: Yadda Ake Zirga-zirga a Cabo Verde

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kan hanya. Daga Illela zuwa Ƙonni, daga Gaya zuwa Kwatano, daga Kwatano zuwa Lome da Kumasi, babu irin motar da ban shiga ba. Na hau bayan tirela, na matsu a tasi mai cin mutum bakwai, na hau kabu-kabu da dila biyu a kan cinyata. Abin da hanya ta koya mini guda ne: in mota ta tafi ta bar ka, wata na nan tafe. In gada ta karye akwai ratse. In an rufe boda, ba za a rasa wanda ya san ɓarauniyar hanya ba. Da wannan karatun na sauka a ƙasar Cabo Verde, kuma shi ne ya ci mini kuɗin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Ƙanena ne ya ja mu can. Ya daɗe a Praia, babban birnin ƙasar, yana sayar da takalma da jakunkuna a kasuwar Sucupira. Kullum muka yi waya sai ya ce, "Yaya, ka zo da Hajiya ku huta, kuɗi ba ya ƙarewa nema." Da na ga kontenar atamfata saura kwana goma sha biyu ta iso tashar Kwatano, sai na ce to ga dama ta samu. Muka bar yara wajen kakarsu, muka bi ta Dakar a cikin watan Janairu. Daga Dakar zuwa Praia jirgi bai kai awa biyu ba.

Ga wanda bai san ƙasar ba, ita ce gidajen rediyo ke kira Cape Verde, wadda ta sha gaban Kamaru a 2025 ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya. Tsibirai goma ne a cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. Tara ne ke da mutane, ɗaya mai suna Santa Luzia babu kowa a kansa. Jama'ar ƙasar duka wajen rabin miliyan ne, ba su kai mutanen Kwatano ba. Ta samu 'yancin kai daga Fotugal ranar 5 ga Yulin 1975. Tana cikin ECOWAS, don haka da fasfona na Najeriya ba a nemi biza ba, amma an tambaye mu tikitin komawa, da adireshin masauki, da shaidar kuɗin guzuri. 'Yan'uwa masu fasfon Nijar, Mali ko Burkina Faso su bincika tun daga gida, tunda ƙasashensu sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Kuɗinsu eskudo ne, kuma lissafinsa ba wuya ga wanda ya saba da sefa, domin su biyun duk a ɗaure suke da yuro. Yuro ɗaya eskudo 110 ne. Ke nan eskudo ɗaya ya ɗan ɗara dala guda, eskudo 1,000 kuwa kusan jika shida ne. Ka riƙe wannan a ka, ba mai yi maka wayo a tasha.

A cikin Praia ba mu sha wata wahala ba. Tasi suna da yawa, launin madara, kuma sai ka daidaita da direba kafin ka shiga kamar yadda muka saba. Akwai bas na cikin gari mai araha. Dama suke bi a titi kamar mu. Jirgin ƙasa kuwa babu shi ko a tsibiri ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin kabu-kabu. Ni da na fito daga garin da masu riga ɗorawa suka fi kiyashi yawa, sai na tsinci kaina a bakin titi ina ɗaga hannu babu mai tsayawa.

Washegari Asabar ƙanena ya kai mu tashar da ke jikin Sucupira. Nan na ji kamar a gida nake, domin motar hayarsu Hayis ce, tamu ɗin nan. A takarda sunanta "aluguer", wato ta haya, amma a bakin mutanen gari "yasi" ce. Yaran mota na ta kiran Assomada, Tarrafal, suna fizgar jakar fasinja kamar 'yan kamasho a tashar Jonke. Ba ta da lokacin tashi sai ta cika, wani lokaci ma sai direba ya zaga unguwa sau biyu yana neman cikon mutum ɗaya. Ba a biya sai an sauka. Inda titi ya ƙare aka shiga ƙauyuka, a-kori-kura ce ke karɓa, Hilux mai benci biyu a baya da rumfar tamfol.

Cikin kusan awa ɗaya muka hau tudun Assomada, inda kasuwa ke ci Laraba da Asabar. Hajiya ta tsaya wajen matan da ke sayar da wake da masara da rogo, ta yi ta ciniki da yatsu ana dariya. Daga nan muka sake shiga wata Hayis muka ƙetare duwatsun Serra Malagueta muka gangara Tarrafal a ƙarshen arewacin tsibirin, wajen kilomita 70 daga Praia. Akwai bakin ruwa mai farin rairayi, akwai kuma tsohon kurkukun da Turawan Fotugal suka buɗe a 1936 don tsare masu adawa da mulkinsu, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Tun la'asar ƙanena ya fara duba agogo. Ya ce da yamma ta yi motoci na ƙaranci, in ka yi sake sai dai ka ɗauki shata, kuɗin mutum goma sha huɗu a wuyanka kai kaɗai.

Ran Lahadi muka je Cidade Velha, tazarar kilomita 15 kacal, garin farko da Turawa suka kafa a tsibiran a 1462. A tsakiyar dandalin akwai wani ginshiƙin farin dutse inda ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Daga gaɓar ƙasashenmu aka kwaso su, a nan ake ajiye su kafin a wuce da su Amurka. Hajiya ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba. A hanyar dawowa ne ƙanena ya gaya mana cewa duk baƙin da suka zo daga ƙasashenmu, Bahaushe ne ko Basenegale, wasu 'yan gari "manjaku" suke ce musu, sunan wata ƙabila ta Gini Bisau, kuma ba koyaushe da daɗi ake faɗar kalmar ba. Ya ce, "Amma Yaya, in ka zauna da su za ka ga mutanen kirki. Kalmar dai ce ba ta da daɗi."

Da a nan muka tsaya, da babu wannan rubutun. Sai dai Hajiya ta ga hotunan wani tsibiri mai suna Santo Antão a wayar matar ƙanena, duwatsu kore shar, gonaki hawa-hawa kamar matakala. Ta ce, "Alhaji, mu zo har nan mu koma ba mu ga wannan ba?" Ni ma dai raina ya biya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya fahimci yadda ƙasar take. Tsakanin tsibiri da tsibiri hanya biyu ce tak, sama ko ruwa. Manyan filayen jirgi huɗu ne, a Praia, Sal, Boa Vista da São Vicente, sai ƙanana a Fogo, Maio da São Nicolau. Ƙananan jirage masu farfela ne ke yawo tsakaninsu, kujeru ba yawa, kuma ba kullum ake zuwa ko'ina ba. Santo Antão da Brava ba su da filin jirgi mai aiki sam, dole ta ruwa. Mai zuwa Brava ta Fogo yake bi, mai zuwa Santo Antão kuwa ta São Vicente.

Na zauna da biro na tsara abina. Talata mu tashi zuwa São Vicente, Laraba mu ƙetara Santo Antão, Juma'a mu dawo São Vicente, Asabar da safe mu hawo jirgi zuwa Praia, Lahadi mu kama na Dakar. Ƙanena ya dubi takardar ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, wannan lissafin tudu ne. Ka dawo Alhamis. Lokacin hazo ne fa." Na yi dariya na ce, "Kai, ni za ka gaya wa hazo? A cikinsa aka yanke mini cibiya." Ya yi shiru, don ƙane ba ya ja da wa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Tafiyar ta fara lafiya lau. Jirgi bai cika awa guda ba muka sauka São Vicente, tasi ta kai mu Mindelo, gari mai tsabta a bakin wata babbar tashar ruwa. Daga bakin ruwan kana hango wani dutse da suke kira Monte Cara saboda kamarsa da fuskar mutum a kwance, can gaba kuma ga Santo Antão a tsaye kamar katanga. Jirgin ruwan da ke tsakanin Mindelo da Porto Novo shi ne ya fi kowanne tabbas a ƙasar: kullum yana tashi, safe da yamma, yana ɗaukar mutane da motoci, tafiyar kusan awa ɗaya. Da fasfo ake yankar tikiti, kada ka bar shi a masauki.

Muna fita daga tashar Porto Novo muka tarar da Hayis jere, direbobi na ɗaga alluna. A wannan tsibirin jirgin ruwa ne agogon motoci. Da asuba suke kwaso mutane daga ƙauyuka su kawo su tasha, su jira waɗanda jirgi ya kawo su koma da su. In ka bari wannan ayarin ya wuce, titi ya zama naka kai kaɗai. Hanya biyu ce zuwa arewacin tsibirin. Akwai sabuwa ta bakin teku mai kwalta da ramuka cikin dutse, wadda aka buɗe a 2009, ita motocin haya ke bi. Akwai kuma tsohuwa ta kan duwatsu, wadda sai ka ɗauki shata. Muka haɗa kuɗi da wasu Faransawa biyu muka ɗauki ta dutsen.

Jama'a, na ga hanyoyi, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kimanin kilomita 36 ce, kuma duk da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa ta, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Mun taso daga ƙasa busasshiya ƙayau kamar bayan Tawa, muna hawa muna hawa sai ga sanyi, sai ga itatuwa dogaye, sai ga gajimare a ƙasanmu. Direba ya tsaya a bakin Cova, wani tsohon ramin dutse mai aman wuta da mutane ke noma a cikinsa. Can gaba akwai inda hanyar ta bi ta kan siririn ƙashin dutse, rami dama rami hagu. Hajiya ta rufe ido tana salati, ni kuwa na riƙe kujerar gaba ina nuna kamar ba komai. Muka kwana biyu a kwarin Paul cikin rake da ayaba da mangwaro. Abincinsu na yau da kullum shi ne "cachupa", dafaffiyar masara da wake, kusan dambu da ruwa-ruwa, amma sau da yawa da naman alade a ciki. Ka ce ta kifi kake so, ka kuma maimaita. Mu dai kilishin da Hajiya ta ƙunso daga gida ya yi mana rana.

Ran Juma'a da muka shiga jirgin komawa Mindelo na lura rana ta yi fari fat, ana iya kallonta da ido. Leɓena ya fara bushewa. Na san wannan yanayin kamar yadda na san tafin hannuna. Kafin mu isa, Santo Antão ya ɓace a bayanmu, dutsen nan mai fuska ma babu shi. Su suna kiransa "bruma seca", busasshen hazo. Shi ne dai namu na hunturu, ƙurar Sahara da iska ke kwasowa ta bi ta kan garuruwanmu ta faɗa teku. Wato abin da ke hana jirgi sauka a Kano da Sakkwato ne ya biyo ni har nan.

Asabar da safe muka je filin jirgi, aka ce an soke, matuƙi ba ya ganin inda zai sauka. A dawo gobe. Nan fa tsohon halina ya motsa. Na fita waje ina neman direban da zan yi wa tayin kuɗi ko nawa ne, sai na tsaya ina kallon ruwa. Wa zan ba kuɗin? Babu ratse, babu ɓarauniyar hanya, babu wani ɗan gari da ya san ta cikin daji. Na garzaya tashar ruwa, aka ce jirgin Praia ba kullum yake tashi ba, sai Litinin. Ran Lahadi aka sake sokewa. A Praia kuwa hazon bai yi kauri haka ba, jirgin Dakar ya tashi a kan lokacinsa da kujerunmu biyu babu kowa. Da yake daban na sayi tikitin cikin gida, daban na sayi na Dakar, babu wanda zan riƙe. Ga wakilina a Kwatano yana ta kira, kontena ta sauka, akwai takardar da sai da sa hannuna. Ga ƙaramar 'yarmu tana kuka a waya, an ce mata Lahadi.

Da na ga ko hazon ya washe akwai fasinjan kwana biyu a gabanmu, sai na yanki tikitin ruwa. Hajiya ba ta so ba, don ta ji labarin jirgin da ya nutse kusa da Fogo a Janairun 2015. Muka yi addu'a muka shiga. Ashe wancan na awa ɗaya wasan yara ne. A watannin hunturu iskar arewa maso gabas na kaɗawa da ƙarfi, teku ba ya kwanciya. Muna fita daga inuwar tsibirin jirgi ya fara tashi yana faɗuwa. Ni da na yi kwana uku a bayan tirelar albasa ban ce uffan ba, ga ni rungume da leda. Hajiya kuwa ko gezau. Sallah a zaune na yi ta, alƙibla ma sai da wayar wani Basenegale muka gano ta, kafin a idar jirgi ya juya.

Jirgin cike yake da matan da suke kira "rabidante", 'yan kasuwa masu yawo da kaya tsakanin tsibirai, wasunsu har Dakar da Fotugal da Barazil suke zuwa sari. Ga ganguna, ga buhuna, ga kwandunan ayaba. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa, ta dube ni ta yi wa Hajiya magana da ɗan Faransancin da take ji. Ta ce a sauko da ni tsakiyar jirgi daga ƙasa, nan ne ba ya jijjiga sosai, in kwanta in rufe ido. Ta matsar da kayanta ta ba ni wuri, ta yanka lemon tsami ta ba ni in riƙa shaƙa. Da ta ji labarinmu ta yi dariya har da tafi. Ta ce ita in tana da jirgin waje ran Lahadi, tun Laraba take kwana a Praia. Ban ji ta ce mana manjaku ba. Ita da Hajiya suka raba dare suna gwada farashin atamfa da yatsu.

Jirgi ya tsaya a São Nicolau ya sauke ya ɗauka, muka kwana a ruwa, sai Talata muka ga Praia. Ƙanena na tsaye a tasha. Ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da hanya, Yaya." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Ba mu samu kujerar Dakar ba sai Alhamis, da sabon tikiti. Muka isa Kwatano da jinkirin kwana biyar. Tsakanin tikiti, da kuɗin otal, da kuɗin kwanan kontena a tasha, kusan rabin ribar da na sa rai a wannan kayan ta tafi.

To ɗan'uwa, in Allah ya nufe ka da zuwa, ga abin da na saya da tsada ina ba ka kyauta. A cikin tsibiri ɗaya, yi abinka yadda ka saba: Hayis da sassafe, tasi a gari, shata in kuna da yawa, ka kuma sani ran Lahadi motoci ba su da yawa. Amma da zarar tafiya ta haɗa da ƙetare ruwa, ka ajiye lissafin tudu. In kwananka bai wuce goma ba, tsibiri biyu sun isa, uku in sun yi kusa kamar São Vicente da Santo Antão, ko Fogo da Brava. Ka yanki tikitin cikin gida da wuri, ka sake tabbatar da lokacin tashi ana gobe. Daga Disamba zuwa Maris ka sa ran hazo a sama da igiyar ruwa a ƙasa. Ka sha maganin jiri kafin ka shiga jirgin ruwa, ba bayan ya fara juya ka ba. Ka riƙe tsabar eskudo, don yaron mota ba ya karɓar kati. Babban abin kuwa, kwana biyu ko uku na ƙarshe ka yi su a tsibirin da jirginka na gida zai tashi. Kada kuma ka bar wani aiki a gida da zai lalace in ka makara da mako guda.

Kwanan baya na tarar da Hajiya tana nuna wa maƙwabtanmu hoton Cova, gajimare na malala a cikin ramin. Na ce mata ta gaya musu nawa hoton nan ya ci. Ta ce, "Alhaji, ai ba hoton ne ya ci kuɗin ba, gardamarka ce." Yanzu kuma Fogo take so, wai dutse mai tsawon mita 2,829 da ya yi aman wuta a 2014, mutane kuma suka koma suka sake gina gidajensu a gindinsa. Na ce mata to, in Allah ya kai mu bayan hunturu. Amma wannan karon ƙanena zan miƙa wa biron.